Layin Gambar da Baba Ya Dasa

Gonarmu ta bakin rafi ita ce mafi nisa daga gida. Sai ka wuce gonakin unguwarmu duka, ka bi burtali har ƙarshensa, sannan ka hango ɗorawar da ke tsaye a kusurwarta ta gabas. A ƙasarmu ta wajen Tofa babu daji. Gona ce manne da gona, abin da ke raba ta wannan da ta wancan kuwa gamba ce. Kowa ya dasa ta a layi a kan iyakarsa, da kaka ya yanke ya yi zana, gindin ya zauna a ƙasa yana jiran wata daminar. Tun muna yara aka koya mana cewa kana iya tsallaka gamba, kana iya zama kusa da ita ka sha fura, amma ba ka sa mata fartanya.

A gindin ɗorawar nan na fara sanin Gwaggo. Ba 'yar'uwar Baba ba ce ta jini. Kakarmu ta rasu Baba yana jariri, sai wata mata daga gidajen ƙetaren rafi, waɗanda a lokacin ake ce wa Maguzawa, ta ɗauke shi ta haɗa da 'yarta ta shayar da su tare. 'Yar nan ita ce Gwaggo. Wata uku kacal ta ba shi, amma har ya yi furfura ƙanena take ce masa, shi kuma ya ce mata Yaya. Daga baya mutanen gidansu suka zama Kirista, ita ma ta zama, wannan kuwa bai rage komai a tsakaninsu ba. Da Sallar layya Baba da kansa yake zaɓar cinya ya ce a kai ƙetare. Da Kirsimeti ita kuma ta aiko da zakara da ransa, ƙafafu a ɗaure, da saƙon cewa ƙanenta ya yanka da hannunsa, kada ya ce an ba shi mushe.

Da mijinta ya rasu, gonar da suke nomawa ta koma hannun 'yan'uwansa. 'Ya ɗaya gare ta, mace. Sai Baba ya yanko mata gefen gonar bakin rafi, daga ɗorawa zuwa ruwa, ya ce ta noma aro. Wurin a lokacin jigawa ce fara, ko gero da ƙyar yake tashi. Gwaggo ta ɗauki shekara sama da ashirin tana kai masa taki a ka, kwando bayan kwando, tokar murhu da kashin awaki da sharar tsakar gida, har ƙasar ta yi baƙi. In ka damƙo ta a hannu sai ka ji ta da laushi kamar garin tuwo. Dawa take sawa a tsakiya, gyaɗa a tsakani, kuɓewa da yakuwa a gefen ruwa.

Amma ni abin da na fi tunawa shi ne bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna. Takan zo da doguwar gora mai ƙugiya a baki ta yi ta kaɗowa, mu kuma muna tsincewa. Ladanmu garin ɗorawa ne. Mu koma gida baki rawaya, riga rawaya, Inna ta yi ta faɗa. Kalwar kuma Gwaggo ta dafa ta wuni guda, ta surfa, ta wanke a rafi, ta rufe da ganye har warin ya tsallako ruwa ya iske mu a tsakar gida. Daddawarta ce a miyar kukar gidanmu tun ban san hannun dama ba. Har yau in na ci miya a gidan biki, da ita nake aunawa, kuma ban taɓa samun wadda ta kamo ta ba.

In Baba yana huɗa a nasa ɓangaren, ita tana noma a nata, ba sa barin juna su huta.

"Ƙanena, huɗar nan taka ta karkace. Kai ke jan shanun ko su ke jan ka?"

"Yaya, ke da ko jaki ba ki da shi, ina kika san huɗa?"

"Ni na fara shan nonon, kai ragowa ka tarar. Shi ya sa hannunka ba ƙarfi."

Baba ya yi ta dariya har sai ya tsayar da shanun. A gida ba mai yawan dariya ba ne. A can kawai nake ganin haƙoransa duka.

Mu huɗu ne a wurinsa: wana, da ni, da ƙannenmu mata biyu. Wana ya tafi birni tun da ƙuruciya yana sayar da hatsi. Matan suka yi aure. Inna ta rasu. Ni na zauna a gida da iyalina ina noma tare da Baba, ni ne kuma na gama firamare, ni ake kawo wa wasiƙa in karanta. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da ya faru bai faru saboda rashin mai rubutu ba.

Wata damina, dawa ta kai kafaɗa, Baba ya ce in ɗaura wa jaki mangala mu je bakin rafi. Ya sa na haƙo gindin gamba daga iyakarmu ta yamma, muka rarraba shi ƙanana, muka loda. Da muka zo daidai inda noman Gwaggo ya fara, ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Sara nan."

"Baba, ai iyaka tana can. Nan tsakiyar gona ne."

"Na sani. Sara."

Na sara, shi yana bina yana dasawa yana takewa da diddige. Tun kafin mu kai rabi na gane, domin a wajenmu ba a dasa gamba a kan aro. Mai aro ya san inda zai tsaya, ba ya bukatar alama. Gamba sai a kan mallaka. Da muka kai ƙarshe ya zauna a gindin ɗorawa yana haki, ya ce in zauna.

"Daga layin nan zuwa rafi, har da bishiyar nan, in na mutu na Yaya ne. Ba aro ba. Na san ba ta da gado a wurina, ba jini ɗaya ba, ba addini ɗaya ba. Amma an yardar wa mutum ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, wannan kuwa ko kusa bai kai ba. Uwarta ce ta raya ni. Ba don ita ba, da babu ni, balle ku masu gadon." Ya share gumi da hularsa. "Kai ka yi boko. In mun koma ka ɗauko takarda ka rubuta, a kira Liman da mai unguwa su sa hannu."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan? Allah ya ja da ranka. Mutum da lafiyarsa ba ya kiran mutuwa."

"Ita sai an kira ta take zuwa?"

"A bari dai a yi girbi, Baba."

A ranar, Allah ya sani, da zuciya ɗaya na faɗa. Haka muka taso. In tsoho ya fara zancen bayan ransa sai a yi maza a rufe masa baki da addu'a, kamar takardar ce za ta jawo likkafani. Amma ba zan ɓoye a bayan wannan ba, don sau uku ya sake tuna mini, kuma daga na biyu ba tsoro ne ya hana ni ba. Na riga na fara kallon wurin da wani ido. Na ga yadda dawar Gwaggo take tsaye kore shar lokacin da tawa ke naɗe ganye. Na ga 'ya'yana suna ƙaruwa. Sai na ce masa biro ya ƙare. Wani karon na ce Liman ya tafi ɗaurin aure. Bayan girbi ƙafafunsa suka ƙi, ya daina fita ko masallaci. Duk ranar da Liman ya zo duba shi ina zaune a bakin ƙofa, da na ji magana za ta karkata wajen gona sai in kawo zancen magani, ko in ce an gode Malam, bari ya ɗan huta. Wata rana bayan Liman ya fita Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ba komai. Ai na dasa, kai kuma ka gani." Bai sake tayar da zancen ba. Ya amince da ni ne, shi ke nan.

Da bazara ya rasu, wata safiya, bayan ya sha koko. Gwaggo ta tsallako rafi ta zauna cikin mata, ba ta yi kururuwa ba. Ta kawo daddawa cike da ƙwarya don abincin masu zaman makoki, ta kwana bakwai a gidan tana wanke-wanke kamar ba tsohuwa ba.

Aka sa ranar rabon gado washegarin sadakar arba'in, don kowa ya san inda zai shuka. Saura kwana huɗu ruwan fari ya sauka. Da gari ya waye na ɗaura wa shanu garma na nufi bakin rafi ni kaɗai. Gambar da muka dasa ba ta shekara ba, kuma dabbobi sun cinye kanta da rani, sai gindi ɗan kaɗan a saman ƙasa. Na juya shanun na sa suka bi ta kanta. Har yanzu ina jin ƙarar da bakin garma ke yi in ya kama saiwa, da yadda take fizgar hannuna. Na bi ina tsince gindin ina jefawa a rafi. Na ja huɗa doguwa tun daga yamma har bakin ruwa, ta yadda duk wanda ya tsaya ya duba gona ɗaya zai gani. Kafin rana ta take na gama. Na wanke ƙafafuna a rafin na koma gida na karɓi gaisuwar masu zuwa ta'aziyya.

Ranar rabo muka zauna a zaure, mu huɗu da Liman da mai unguwa da dattawa biyu. Liman ya yi addu'a, ya yi tambayoyin da aka saba, sannan ya ce, "Marigayi ya bar wasiyya?"

Wana ya juyo gare ni. "Kai ne kake tare da shi."

Na ce, "Bai bar wata takarda ba."

Liman ya ce, "Ba takarda kaɗai nake tambaya ba. Ko da baki?"

Na dubi tabarma na ce, "Babu."

Aka wuce wurin. Da aka zo kan gonar bakin rafi wana ya ce, "Gwaggo fa?" Wani dattijo ya ce ai kowa ya san aro ne, aro kuwa yana komawa cikin dukiya in mai shi ya rasu. Wana ya ce to, duk wanda wurin ya faɗo wa ya bar ta ta ci gaba. Ni na yi maza na ce a ba ni bakin rafi, tun da nisa gare ta kuma ni ne a gida. Har godiya suka yi mini.

Daminar farko na bar ta ta noma. Ta biyu na aika mata cewa iyali sun yi yawa, ta yi haƙuri. Ban je da kaina ba. Amsar da ta aiko ita ce, ta ji, Allah ya ba da damina mai albarka.

Da bazara ta zagayo ina gyaran gona sai ga ta da gorarta da kwando. Ta tsaya daga nesa, daidai inda layin nan yake a da, ta ce, "Maigona, a yi mini izini in kaɗa?"

Tun ina rarrafe ɗana take ce mini. Ran nan ne farkon maigona. Na ce, "Haba Gwaggo, ai ke da bishiyar," har ina jin kaina mai kyauta. Ta kaɗa, ta tsince ita kaɗai, ta tafi. Bayan kwana goma daddawa ta iso gidana kamar kullum. Ban iya cin miyar ba. Shekara ta biyu ma haka ta zo ta tsaya a wurin ta nemi izini, da kalmomin nan dai. A ta uku, tun kafin ɗorawar ta yi fure, na kira masu itace. Na gaya wa mutane inuwarta ce ke cinye mini dawa, kuma tana tara tsuntsaye. Gaskiyar ita ce ban iya jure sake ganin tsohuwar nan tsaye da gora tana neman izini a kan abinta ba. Maimakon in mayar mata, sai na kawar da abin da ke kawo ta. Wannan ya fi mini ciwo a yau fiye da garmar.

Ba a daɗe ba ta tattara ta koma wurin 'yarta da ke aure wajen dam ɗin Watari. Zakaran Kirsimeti ya daina zuwa. Ni ina aika cinya da layya, a dawo a ce ta gode. Matata ta koma sayen daddawar kasuwa.

Gambar kuwa ba ta mutu duka ba. Ashe akwai saiwar da garma ba ta kamo ba. Duk damina, bayan ruwa na biyu ko na uku, sai in ga ta ɓullo, ɗaya nan, ɗaya can, amma a jere, a kan layin da Baba ya taka da diddigensa. Nakan riga 'yan ƙwadago zuwa in sare ta da kaina. Baɗi ta dawo. Gonar ta ba ni hatsi, ba zan yi ƙarya ba, rumbuna bai taɓa cika kamar shekarun nan ba. Sai dai ban ƙara zama a wurin na sha fura ba. In na gama aiki tafiya nake yi.

Shekara tara aka yi a haka. Sai maƙwabcinmu na arewa a bakin rafin ya rasu, shi ma bai bar komai a rubuce ba, 'ya'yansa da 'ya'yan ƙanensa suka tashi a kan iyaka har ana ɗaga fartanya. Mai unguwa ya ce a kira ni, tun da gonata ce a jikin tasu. Na je, na san wurin sarai. Na sa aka tone ƙasa kaɗan, na nuna musu tsohon gindin gamba, na bi shi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Rigima ta mutu a nan take. Liman, wanda yanzu sai da sanda, ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, "Alhamdu lillahi. Gidan nan ba a san su da taɓa iyaka ba. Kamar ubansa."

Kowa ya ce haka ne. Daga inda nake tsaye ina hango kututturen ɗorawa.

Na raka Liman har gida, na riƙe masa buta ya yi alwala, muka yi azahar. Da mutane suka watse na zauna a zaurensa na gaya masa komai, tun daga jaki da mangala har masu itace. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Ran nan sau biyu na tambaye ka."

"Haka ne, Malam."

"Kalma ɗaya ce. Da ka faɗa, 'yan'uwanka ba za su musa maka ba, da an fitar mata kafin a raba, kowa ya tashi da nasa halal."

Na ce ina ta istigfari tun lokacin.

Ya ce, "Istigfari abu ne mai kyau. Amma kana yi kana noman wurin? Matar tana da rai?"

"Tana da rai."

"To me kake yi a zaurena?"

Da yamma na kira wana a waya na gaya masa komai. Na yi zaton zancen gona zai yi, amma abin da ya ce shi ne, "Ka sa na zauna a zauren Baba na gode maka." Ya kashe wayar. Ƙanwata ƙarama kuwa, da na gaya mata, kuka ta sa, ta ce Gwaggo ce ta yi mata wankan jego na haihuwar fari, da Inna ba ta da rai.

Washegari na hau babur na nufi Watari. Rani ne, amma can kore ne ko'ina, tumatir da albasa, ruwa na bin lambatu. Na iske Gwaggo zaune a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, idonta ya yi hazo. Na yi sallama na durƙusa.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Gwaggo."

Ta karkata kai. "Muryar ƙanena ce wannan. Amma ƙanena yana ƙasa. To, maigona ne. Sannu da zuwa. A kawo masa ruwa."

Ban sha ruwan ba. Na fara magana, na faɗa mata abin da Baba ya ce a gindin ɗorawa, da takardar da na ƙi rubutawa, da abin da na yi da garma, da abin da na ce wa Liman. Hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Da na gama ta ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Ran da kuka dasa, da yamma ya biyo ta gidana da laka a ƙafa, ya ce Yaya, na yi miki gamba. Ran da ka zo da shanu kuwa ina ƙasan rafi ina wankin kalwa. Gindin da kake jefowa ta gabana suka yi ta wucewa."

"Gwaggo, me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ce me? A gaban wa? Ba gado, ba takarda. Shaidata ɗaya ce a duniya, shi ne kuma yake riƙe da garmar." Ta zuba ɓawon a gefe. "Kuma in tsaya a gaban dattawa in ce ɗan ƙanena ya yi ƙarya, uban bai gama kwana arba'in ba? Ya isa a ce ya rasa ransa, ba sai an haɗa masa da sunan gidansa ba."

Na ce na zo ne in mayar mata, a rubuce, da shaidu.

Ta yi dariya kaɗan. "Yanzu da gwiwa ta tafi? Da can ina iya kai kwando bakin rafi sau biyar kafin rana ta yi zafi. Yanzu ko banɗaki sai an riƙe ni." Ta ɗauki wata gyaɗar. "Amma zan karɓa. Ba kai ka ba ni ba, shi ya ba ni, ba zan mayar masa da kyautarsa ba. Mijin 'yata zai noma. Ɗorawar fa?"

Na sunkuyar da kai.

"An ce mini kwana uku suna sara. Ka san nan uwata take kai mu? Kakanka yana noma, ita ta goyo ƙanena ta rungumo ni, ta shimfiɗa mu a gindinta don uban ya ga ɗansa. Ba ka sani ba. Ba ka tambaya ba." Ta lalubo hannuna ta zuba mini gyaɗa. "Gonar na yafe maka, da shekarun da ka ci. Ita bishiyar, ka bar ni tukuna."

A makon nan aka rubuta. Da hannuna na rubuta, a takardar da ko minti goma ba ta ci ba. Liman ya sa hannu, mai unguwa ya sa, da wani dattijon cocin su Gwaggo. Wana ya zo daga birni ya sa, bai dube ni ba sai da za ya tafi, sannan ya ce in gai da yara. Aka kai wa Gwaggo ta dangwala yatsa. Da damina ta zauna na haƙo gamba daga yamma na sake dasawa. Ban sha wahalar neman layin ba, tsohuwar ta riga ta ɓullo tana nuna mini.

Sau ɗaya aka kawo ta ta gani, bayan girbi, a bayan babur an tallafe ta. Ta zauna a kan kututturen, ta sa hannu ta damƙi ƙasa ta shinshina. Ta sa aka riƙe ta ta bi layin tana shafa gambar da tafin hannu, sannan ta ce, "Ɗana, layin nan ya karkace. Ku dai gidanku ba ku iya miƙe abu ba." Na yi dariya, hawaye na zuba. Da Kirsimeti zakara ya zo, ƙafafu a ɗaure.

Damina biyu ta ci hatsin wurin, sannan ta rasu. Na je jana'izarta na tsaya daga gefe har aka gama. Na tambayi 'yarta ko ta bar mini wata magana. Ta ce ta ce a gaishe ni, a kuma ce in riƙa kai wa wurin taki ko da ba nawa ba ne. Zancen bishiyar ba ta sake tayar da shi ba, ga ni ko ga wani. Ban sani ba ko ta yafe. Ba kuma wanda zan tambaya.

Bara da ƙaramar Sallah, da 'ya'yana suka taru, na fito da littafi mai bango shuɗi bayan an ci tuwo, na ce su zauna zan karanta musu wasiyyata. Babbar 'yata ta dafe ƙirji.

"Haba Baba, ranar Sallah? Allah ya ja da ranka. Ka bari mana."

Na ji muryata ce sak a bakinta. Na ce, "Amin. Zauna." Na riga na aika an kira mai unguwa da sabon limaminmu, suna zaure.

Ba dukiya ce da ni ba. Abin da ke cikin littafin iyakoki ne, da wace bishiya ce ta wa, da wanda yake noma aro da kuma abin da nake so a yi da shi bayana. Rabon gado na bar wa shari'a, ba nawa ba ne in tsara. Amma abin da na fara rubutawa a shafin farko, na kuma sa kowannensu ya maimaita da bakinsa a gaban shaidu, shi ne: daga layin gamba zuwa rafi ba namu ba ne, na gidan Gwaggo ne. Da ɗorawar da na dasa kusa da kututture na kewaye da ƙaya, wadda yanzu ta kai ƙugu, ita ma tasu ce. In ta yi 'ya'ya, duk wanda ya zo da gora daga gidan nan kada a bari ya nemi izini.